Filin Ƙwallo a Saman Ɗakin Hajo

Nata'ala bai iya zama wuri ɗaya ba. Duk Yakasai an san shi da haka. Ya koyi gyaran waya ya bari, ya ja adaidaita ya bari, aka kai shi kasuwar Kurmi wajen dukanci, bai gama takalmi ƙafa ɗaya ba ya gudo. Abin da ya riƙe shi a ƙarshe sanarwa ce da ya ji a rediyo: wani kamfani zai gina ƙaton filin ƙwallo a bayan gari, yana so matasa su aiko da bidiyon samfurin da suka tsara. Wanda nasa ya fi, za a ɗauke shi ya koyi aiki tare da injiniyoyi. Da yammacin Juma'a za a rufe karɓa.

Bai iya zane a kwamfuta ba, amma jikan magini ne, hannunsa ya san laka. Ga kuma jar ƙasa jibge a tsakar gida, wadda kakarsa Hajo ta sa aka kawo don a yaɓe rufin ɗakinta kafin damina, kamar yadda ake yi duk shekara. Shi ta ɗora wa aikin.

Kullum sai ta gan shi yana hawa tsani da bokiti, ta yi ta sa masa albarka.

"Yau kuma mijin nawa ya yi hankali," in ji ta. "Ko dai wata ce ta ce ba ta auren malalaci?"

"Ke dai ki yi shiru, tsohuwa. In na gama sai an zo kallon rufin nan daga Legas."

Ciwon gwiwa ya hana ta hawa tsani, don haka ba ta san abin da ke saman kanta ba. Samfurin filin ne ya gina da ƙasar, mai tsawon tabarma biyu, kewaye da matakalan 'yan kallo hawa-hawa, kowace ya goge ta da bayan cokali. Ya yi ƙofofi a kowane ɓangare don kada a turmushe juna wajen fita. Ya ware wajen mata da nasu mashigin, ya yi masallaci da jerin famfunan alwala, saboda ya sha ganin wasa ya ci wa mutane Magariba. Rumfa ya yanka ta daga gwangwanin madara, fitilu ya ciro daga tsofaffin tocila. Ciyawar ma ta gaske ce: gero ya barbaɗa, ya tsiro, yana aske shi da almakashi.

Sau uku yana rushewa yana sakewa. Na ƙarshe saboda ya ji an ce fili kudu da arewa yake kwanciya, don kada ranar yamma ta dalle wa gola ido. Da ya juya shi haka, wuri ɗaya kawai ya ɗauke shi: gefen da rufin ya ɗan gangara, daidai bakin indararo, inda ruwan sama ke bi ya zuba lungu. Ya ga ramin. Ya ce a ransa in an ɗauki bidiyo sai ya buɗe. Ya ɗora matakalan kudu a kansa.

Ranar Juma'a ya kasa cin abinci. Wayarsa gilashinta ya fashe, sai ta abokinsa Umair, wanda ya yi alkawarin zuwa bayan La'asar. Ya hau, ya sauko, ya leƙa zaure, ya koma ya hau. Gabas ta fara yin baƙi.

Ya ari wayar Hajo ya kira. "Kana ina ne, don Allah?"

"Ga ni a Ƙofar Mazugal, mutumina. Cunkoso ne, ko babur ba ya motsi."

"Ka sauka ka tako mana!"

"Da sabon takalmin nawa? Injiniya, yi haƙuri, filinka ba gudu zai yi ba."

Iska ta taso ta ɗauke rumfar gabas. Ya bi ta ya cafko, ya ruga ƙasa ya kwaso ledar shanya, ya lulluɓe filin, ya danne gefuna da duwatsu. Sai ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya.

Ya durƙusa yana riƙe da leda da hannu biyu. A ƙarƙashinta komai lafiya. Sai dai ruwan da ke sauka a rufin duka gefen nan yake gangarowa, ya zo ya tarar da bango, ya tsaya. Ya rufe masa tafin ƙafa, ya kai idon sawu. Ya ji ƙasar rufin tana laushi a ƙarƙashin gwiwarsa, ƙasar da ba a yaɓe ba bana.

"Nata'ala!" Muryar Hajo ce daga ƙasa. "Kai! Ba na jin indararo yana zuba. Kuma ga ɗiga a kan gadona."

"Fito ki koma zaure!"

"Da wace ƙafar? Kai ba ka ce ka yaɓe ba?"

Ya leƙa lungu ta saman katanga. Babu Umair, babu kowa, sai awaki da suka raɓe a jikin bango. Indararon kowane gida na zuba, nasu ne kaɗai a bushe. Ya yi tunanin ƙila ruwan ya ɗauke yanzu. Ya yi tunanin kwashewa da bokiti, ya ma fara, ya watsa ɗaya, ya watsa biyu, ruwan bai san ana yi ba. Can ƙasa ya ji wani abu ya faɗo tim, Hajo ta yi salati. Ya tuna yadda kakansa ke cewa azara ba ta kashedi sau biyu.

Ya yaye ledar. Ya dubi matakalan kudu, waɗanda ya fi ɓata wa lokaci, inda ya yi wajen zaman yara. Ya sa diddige ya taka. Laka ta riga ta sha ruwa, ba ta yi gardama ba. Ya zura hannu har gwiwar hannu yana yaƙuto ƙasa daga bakin indararo, sai ya ji ya zuƙe. Ruwan ya bi ta tsakiyar fili, ya kwashi gero, ya kwashi raga, ya ja masallacin da famfunansa, duk suka bi ta rami ɗaya suka zuba lungu jawur.

Ya sauko ya tarar da Hajo a takure a lungun ɗaki, wani ɓangaren ƙasa ya faɗo kusa da matashinta. Azara dai ta riƙe. Ya ɗauke ta cak ya kai zaure.

"Sauke ni, ɗan nema! Me ka yi mini a sama?"

"Filin ƙwallo."

Ta dube shi, ta dubi lakar da ke hannunsa. "Da ƙasar yaɓena?"



Ruwa na tsagaitawa Umair ya shigo, takalmi a hannu, waya a cikin leda. "Ga ni! Mu hau kafin Magariba."

Nata'ala ya nuna masa jan ruwan da ke bin lungu. "Ga filin can ya nufi rafin Jakara."

 Hajo ta tura bokiti da ƙafa har gaban jikanta.

"Abin da ya rage a sama, gobe ka kwaɓa ka yaɓe mini rufi. Umair, kai za ka hau ka gano mini da idonka, wannan ba shi da amana."

Nata'ala ya ɗauki bokitin. Ya tsaya a tsakar gida yana kallon yadda ruwa ke lalubar hanyarsa zuwa rariya, yana bin sa da babban yatsan ƙafa.

"Ka ga, Umair, ni ban yi wa filin magudana ba. Ko ɗaya. Da an gina shi haka, kududdufi za a yi wa mutane. A ƙarƙashin ciyawa ya kamata ta bi, ta ɓulla ta kudu..."

"Ta ɓulla ta gidan ubanka," in ji Hajo. "Hau ka rufe mini inda rufin ya ɓurma da leda, hadari bai gama ba."