Wasiƙa ta Goma Sha Huɗu

Gara in faɗi gaskiya tun yanzu: wasiƙar ƙarshe, ta goma sha huɗu, da Tsohon Akawu ya ba ni in kai wa kwamitin gyaran tsarin mulki, ban kai ba. Na manta ta a aljihu, matata ta wanke rigar. Ga shi ofishin kwamitin yana kallon shagona na gyaran agogo. Ni da nake gyara wa mutane lokaci.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da na Tsohon Akawu. Shekara tara ina jin ƙarar tafiretarsa duk bayan la'asar. Sashe guda yake so a gyara, wanda ya ce ta wajen uba kaɗai ake zama ɗan ƙasa. 'Yarsa ta auri baƙo daga ƙetare, ta rasu wajen haihuwa, baƙon ya koma inda ya fito. Jikar ta girma a hannunsa, ta gama karatun jinya, amma babu asibitin da zai ɗauke ta ba katin ɗan ƙasa. Shi yana ce mata Baƙuwa, ita tana ce masa angon tafireta. Kowace wasiƙa kwafi uku yake bugawa: ɗaya ta kwamiti, ɗaya ta jarida, ɗaya ƙarƙashin katifa.

Yana kwance, ƙafafu sun kumbura, aka sa hannu a kan gyaran sashen. A shagona ana ta cewa 'yar wani babba a majalisa ce take dab da haifa wa baƙo tagwaye, shi ya sa abin ya yi gudu haka. Ban kai wannan hirar gida ba.

Jikar ta leƙo da jarida a hannu, ta ce, "Kawu, zo ka karanta masa. Ni ba zan iya ba."

Ɗakin na warin man zafi. Na zauna a bakin gado ina karantawa, yana gyaɗa kai kamar malami mai duba jarrabawa. Da na zo layin ƙarshe sai na ga ta ƙura mini ido daga bakin ƙofa. Na ninke jaridar.

"Ta sha huɗun ce ta yi aiki," in ji shi. "Hannu da hannu ka ba su?"

"Hannu da hannu, Baba."

Ya ce dama ya sani, a cikinta ya fi sa hujja. Sannan ya sa Baƙuwa ta ciro farar rigarta ta jinya daga akwati ta goge, kada kira ya zo ta tsaya neman dutsen guga. Ta goge a gabansa, har aljihu.

Ranar Alhamis da hantsi ya cika.

Rigar tana nan rataye a ƙusa, saman tafiretar. Layin da na tsallake ya ce gyaran ya shafi waɗanda aka haifa daga ranar sa hannu ne kawai. Baƙuwa shekararta ashirin da huɗu.