Fokas Bai Taɓa Zuwa Kwoi Ba

Duk Kafanchan ba wanda bai san Baba Azariya maigadin banki ba, in ma an samu to baƙo ne. Shi ne ya yi lebura a reluwe har aikin ya mutu a hannunsu, ya koma ƙofar banki ya tsaya shekara ashirin da bakwai. A gabansa aka canza wa bankin suna sau uku. Manajoji tara suka zo da kwat, suka tafi da kwali. Shi ko yana nan daram. Bai taɓa zama a aji ba, kuma ba ya jira a tambaye shi, shi ke fara faɗa: "Ni ko sunana ban iya rubutawa ba, amma masu digiri nawa na buɗe wa ƙofa suka fita ba su dawo ba?"

To, sai aka shiga shekarun nan masu wuya. Cuta ta faɗa wa citta, gonaki suka ruɓe tun daga Kwoi har Kachia, ga tsadar kaya a kai. Manoman da ke cika bankin har waje suka ɗauke ƙafa. Zauren ya zama sai ƙarar fanka.

Ran wata Litinin manaja ta goma, Madam Martina, ta tara ma'aikata. Su bakwai ne har da ita da Baba. Mace ce 'yar ƙarama mai magana a hankali, ba ta kwana-kwana.

"Hedikwata za su rufe rassa," in ji ta. "Namu na ciki. Fokas ya nuna yankin nan ba zai tashi ba nan da shekara uku. Jibi za su turo mutum ya duba, abin da ya rubuta shi ke nan."

Baba ya gyara hula.

"Madam, shi wannan Fokas ɗin ɗan ina ne? Ya taɓa zuwa Kwoi?"

Masu hawaye a ido ma sai da suka yi dariya. Martina ta ce, "Baba, ba mutum ba ne. Hasashe ne, masana ke yi da kwamfuta, su hango abin da ke zuwa."

"Ato! Shi ya sa. Ba shi da ƙafa."

Laraba da safe mutumin ya iso, Malam Badruddeen, dogo mai tabarau, da jakar kwamfuta a kafaɗa. Ya gai da Baba hannu biyu, abin da ba kowane ɗan hedikwata ke yi ba. Baba ya ce a ransa, wannan an haife shi a gida. Awa biyu suna ofis da Martina. Da suka fito rakiya, fuskarta kaɗai ta gaya wa Baba an gama magana.

Sai ya ƙi buɗe ƙofa.

"Yallaɓai, kafin ka tafi, dubi gindin mangwaron can. Me ka gani?"

Badruddeen ya duba tsallaken titi. "Ba kowa, Baba."

"Yawwa. Shekara biyu 'yan acaba goma sha wani abu na kwance a wurin kan baburansu, suna gardamar ƙwallo, suna hana ni sakat. Sati uku ke nan ba ko ɗaya. In ɗaya ya ɓullo da yamma, wandonsa duk ƙaiƙayin ciyawa. Kwamfutarka ta gaya maka inda suka tafi?"

"Wataƙila tsadar mai ce ta kore su."

"Mai? Su da ko jarka ce sai sun zuba! Ciyawa suke ɗauka, Yallaɓai. Mai shuka citta sai ya rufe gonarsa da busasshiyar ciyawa, in ba haka ba rana ta dafa irin a ƙasa. Kuma ba mahaukacin da zai biya babur ya kai ciyawa gonar da ba zai shuka ba. Bana za a yi citta. Ni na faɗa, ni Azariya."

Wani manajan da tuni ya daka masa tsawa. Baba ya ga irinsu, ya san yadda suke kumbura. Martina kuwa ta tsaya tana kallon gindin mangwaron, sannan ta juya.

"Malam Badruddeen, ka ba ni awa uku. Motata za mu shiga. Baba, kai ne a gaba."

Haka Baba Azariya ya zauna gaban mota da kakinsa, babban mutumin hedikwata na baya. Ba su yi nisa a hanyar Kwoi ba suka fara cin karo da su. Babur bayan babur, kowanne da damin ciyawa da ya fi shi girma, direban ma ba a gani, sai ka ce tsaunuka ne suka yi ƙafa. A bakin gonaki an tara ta tuli-tuli. Mata na saukowa daga tudu da lauje. Baba kuwa duk babur ɗin da ya wuce sai ya yi gyaran murya.

Badruddeen ya ce a tsaya. Ya sauka da takalminsa mai sheƙi, ya shiga kunya-kunya har wurin wata dattijuwa da ke baza ciyawa.

"Sannu da aiki, Mama. Ba ku ji tsoron cutar ba?"

Ta dube shi sama da ƙasa. "Ɗana, tsoro muna ji. Amma mun canja gona, mun samo iri daga inda ciwon bai kai ba. Akuya biyu na sayar. Kai daga ina da wannan takalmi? Za ka taka mini iri!"

Ya ja da baya yana ba da haƙuri. Ya tambayi wasu biyar, ya ɗauki hotuna, ya dawo mota ya ce:

"Madam, gaskiya Baba ya ga abin da ba mu gani ba. Mu abin bara muke dubawa, shi na bana yake kallo. Amma in na shiga taro na ce ciyawa, dariya za su yi. Kuma cutar na iya dawowa. Sai an samu wanda zai tsaya a kan maganar da sunansa."

Baba ya buɗe baki zai ce shi ne, ya tuna sunansa ba ya wuce ƙofa.

Martina ta ce, "Rubuta nawa. A bar reshen zuwa bayan girbi. In manoma ba su dawo ba, a fara sallama ta kaina, kuma kada a ba ni wani reshe."

Badruddeen ya ce, "Madam, an fa riga an ware miki kujera a Kaduna. Ke rufewar nan ba ta taɓa ki."

Baba ya waiwayo da sauri. Wannan bai sani ba. Ashe su shida ne a ruwa, ita tana kan tudu tun farko.

"Na sani," in ji ta. "Rubuta."

Kwana goma sha ɗaya suna jira. Rana ta sha biyu Martina ta fito tsakar zaure da takarda, ta karanta: an ɗaga rufewar shekara guda, ba a taɓa kowa ba. Masu karɓar kuɗi biyu za su riƙa bin manoma ƙauye a babur maimakon zaman jira. Aka yi ta "Mun gode Ubangiji," wata har da guɗa a cikin banki.

A wurin mai shayi kuwa, Baba ya ba da labarin sau ya fi ashirin, kuma kullum damin ciyawar ƙara girma yake. Ya ce kwamfuta ta durƙusa masa. Ba wanda ya yi musu, don ba a musu da shi. Sai dai duk sanda ya kawo wurin da matar nan ta ce "Rubuta," muryarsa kan sauka, ya ajiye kofi.

"Ni gani kawai na yi," yakan ce. "Gani ba ya cin kowa komai. Ita ce ta sa wuyanta."

Washegarin ranar da aka karanta takardar, da motarta ta iso, ya buɗe ƙofar gaba ɗaya, ya ƙame, ya cire hula ya riƙe a ƙirji har ta wuce. Ta sauke gilashi.

"Baba, lafiya? Rana za ta buge ka."

"Wuce, 'yata," in ji shi. "Aiki na jiranki."