Leɓen Radim Kovanda

Tun farkon bazara da rabin fuskar Radim Kovanda ya shanye, ba wanda ya sake jin ƙahonsa a garin Brezovec, sai matarsa Zdenka da buhunan dankalin da ke jibge a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Wata safiya ce ya tashi zai kurkure baki, ruwan ya zubo ta gefen hagu ya jiƙa masa riga. Likita ya ce jijiya ce ta kumbura, za ta warware, ya yi haƙuri. Haƙuri! Mai sayar da takalma ai sai ya yi haƙuri da karkataccen baki, ciniki ba zai tsaya ba. Amma mutumin da ya shekara talatin yana ci da leɓensa, yana busa ƙahon tagulla mai naɗi a ƙungiyar makaɗan lardi, shi za ka ce wa ya yi haƙuri?

Kafin kaka fuskar ta dawo. Ido ya koma rufuwa, baki ya daidaita, mutane suka daina kawar da kai idan sun haɗu da shi a kasuwa. Leɓen ne dai ba a san gaskiyarsa ba. Sautin ƙasa yana fita lafiya lau. Na sama kuwa, yau ya zo, gobe ya ƙi, kuma ba ya sallama kafin ya ƙi.

Ana cikin haka sabon jagoran ƙungiyar, Matyas Beran, wani saurayi ɗan birni mai son ya nuna ya yi karatu, ya duba duk kiɗan da ke duniya bai ga na zaɓa ba sai wani simfoni, dogon kiɗa mai kashi-kashi, da babban mawallafin kiɗan ƙasarmu ya rubuta tun gemu bai fito masa ba. Manyan ayyukansa na girma kowa ya haddace su, har mai sharar coci yana fito da su da baki. Wannan kuwa na ƙuruciya ne, ba wanda ya taɓa kaɗa shi a lardin nan. Kiɗan yana da daɗi, ban musa ba. Sai dai mawallafin yaro ne a lokacin, bai san ciwon leɓe ba. A kashi na ƙarshe ya ɗauki ƙaho ya kai shi can ƙololuwa, ya sa kowa ya yi ƙasa da murya, ya bar mai busa shi kaɗai a fili.

Beran ba mugu ba ne, kuma bai yi ɓoye-ɓoye ba. Ya ja Radim gefe, ya kira shi da Pan, wato Malam, ya ce, "Pan Kovanda, gara ka ji daga bakina. Kwamiti ya matsa mini. Akwai wata mai busa ƙaho a birnin Brno da ke jiran kujerar nan taka. Na ce musu a bari sai an yi wasan Lahadi a gani."

"Na ji, Maestro," in ji Radim. Me zai ce? Shi ma da shi ne jagora abin da zai yi ke nan.

Abu ɗaya ne ya riƙe masa zuciya duk makon, bai gaya wa kowa ba. A ƙarshen rabin farko na kashin nan akwai alamar maimai, layi biyu a tsaye da ɗigo biyu, wadda ke cewa a koma farko a sake kaɗa rabin gaba ɗaya. Ke nan wurin nan mai wuya sau biyu zai zo. In ya zame a na farko yana iya tashi a na biyu, mutane kuma na ƙarshe suke tafiya da shi gida.

Ranar Asabar suka yi gwajin ƙarshe a cocin da za a yi wasan. Sai ga fada, limamin cocin, ya fito yana murza hannu, ya ce yana da 'yar magana. Ƙararrawar yamma inji ne ke kaɗa ta, kuma mutumin da ya san yadda ake tsayar da injin ya koma wurin 'yarsa da zama. In ba su gama kafin lokacinta ba, to za ta shigo musu, ba ruwanta da simfoni. Beran ya duba agogo, ya lissafa, ya ga kiɗan ya ɗan yi tsawo.

"A cire maimai ɗin kashi na ƙarshe," in ji Ludmila Holubova, ko ɗaga kai ba ta yi ba.

Ita ce shugabar masu goge, kujerarta ce ta farko a hannun hagun jagora. Jagorori huɗu sun zo sun tafi tana nan. Duk wanda ya san ƙungiyar nan ya san ido ɗaya suke ba sandar jagora, ɗayan yana kan bakan gogen Ludmila, kuma in biyun suka saɓa, to sanda ce za ta ji kunya. Ita da Radim kuwa ba su taɓa shan inuwa ɗaya ba. Ta ce masu ƙaho kullum a makare suke shigowa, kuma da hayaniya. Shi ya ce gogenta kamar ana yanka katako.

Otakar, mai ƙaho na biyu, wanda ke zama kafaɗa da kafaɗa da Radim, ya yi wuf ya ce, "Haba Pani Holubova! A rage wani wurin mana, a bar mana wannan."

"Don me? Don ku kurumtar da mu sau biyu?"

"Rabu da ita, Ota," in ji Radim, yana ƙoƙarin mai da abin wasa. "Ƙugunta ke ciwo, so take ta tashi da wuri."

"Ƙuguna ya fi leɓenka lafiya, Kovanda."

Kai, maganar nan ta yi nauyi, ita kanta ta san ta yi nauyi, amma Ludmila ba ta iya janye magana ba tun tana budurwa. Beran ya yi gyaran murya ya ce to, a cire. Kowa ya ɗauki fensir ya soke ɗigo biyun nan a takardarsa. Radim ma ya soke nasa, har bakin fensirin ya karye.

Ranar Lahadi Zdenka ta yi masa miyar naman kaza da yake so, ya juya cokali a ciki ya ture kwanon.

"Ci mana, tsoho. Da yunwa za ka busa?"

"Gishiri ya yi yawa, zai busar mini da baki."

"Ban sa gishiri ba ko ƙwaya. Tsoro ne ya yi maka yawa." Ta gyara masa wuyan riga, ta ɗan daki ƙirjinsa. "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Je ka busa abinka. In ya fita, ya fita. In bai fita ba, ka dawo gida, ni ba ƙaho na aura ba."

Cocin ya cika, ga sanyi yana tasowa daga duwatsun ƙasa. Duk fuskokin ya san su, abin da ya ƙara ɓata lamarin ke nan. Ga mahauci da matarsa, ga malamar da ta koya wa 'ya'yansa lissafi, ga likitan da ya ce ya yi haƙuri, ga 'yan kwamiti uku a jere a layin gaba sun harɗe hannu. Aka kaɗa ƙananan abubuwan farko, aka tafa, aka shiga simfoni.

Kashi na farko ya wuce lafiya. A kashi na biyu, mai tafiyar hawainiya, yaron nan bai ba ƙaho aikin komai ba, don haka Radim ya zauna yana jin tagullar tana sanyi a hannunsa, leɓen ma yana sanyi. Ya riƙa hura iska a ciki a hankali don ta ɗumama. Bakinsa ya bushe ƙamas.

Sai kashi na ƙarshe ya ɓarke da gudu. Masu goge suka yi gaba, manyan goge suna bin su a baya, Ota yana buga ƙafa a hankali yana ƙirga musu. Wurin ya matso. Kowa ya yi ƙasa da murya. Radim ya ja numfashi, ya ɗora leɓe, ya hau mataki na farko, na biyu, na uku, ya miƙa zai kama na ƙololuwa.

Ƙahon ya yi wani irin kuka kamar an taka dinya.

Kuma coci ba ya rufa wa kowa asiri. Kukan ya hau rufi, ya zagaya, ya dawo. Wata tsohuwa a baya ta ce "Yesu!" da ƙarfi. Ɗaya daga cikin 'yan kwamiti ya sunkuyar da kai yana duban takalminsa.

Shi ke nan, in ji Radim a ransa. Kunya ta rufe shi tun daga wuya har kunnuwa. Shekara talatin, kuma da wannan kukan za a tuna shi. Ya sauke ƙahon a cinya. Rabin farko ya ƙare, aka zo ɗan shirun da ke tsakaninsa da rabi na biyu, shirun da bai wuce numfashi biyu ba. Beran ya ɗaga sanda zai wuce gaba.

Fat!

Ludmila ce. Ba ta jira ta kusa da ita mai juya musu takarda ba, da hannunta mai riƙe da baka ta fizgi shafin ta mai da shi baya, da ƙarar da har na bakin ƙofa ya ji. Ta ɗaga gogenta, ta zaro wa jama'arta ido, ta ce ƙasa-ƙasa, "Daga farko."

Fat, fat, fat, takardu suka yi ta komawa baya. Sandar Beran ta tsaya a sama, bakinsa a buɗe. Ya dubi Ludmila, ya dubi bayan ƙungiyar inda masu ƙaho suke, sai ya lashi yatsa ya juya tasa takardar shi ma. Sanda ta sauka, aka koma farko. Wani mai goge na tsakiya da hankalinsa ya tafi wani wuri ya zarce gaba shi kaɗai, sai da maƙwabcinsa ya zungure shi da gwiwa ya dawo hanya.

"Ɗaga ƙahonka, mutumina," Ota ya raɗa masa ta gefen baki. "Ga shi nan zuwa kuma."

Radim bai samu lokacin jin tsoro ba. Gaskiyar magana, haushi ma ya ji. Wace ce Holubova da za ta ji tausayinsa a gaban gari? Ya zazzage ruwan da ya taru a ƙahon, ya goge baki da bayan hannu. Leɓen yanzu ya yi ɗumi, jini yana gudu a ciki. Abin da yake tsoro kuma ya riga ya faru, kowa ya ji, ba sauran abin ɓoyewa. Masu goge suka sake zuwa da gudunsu, suka sake yin ƙasa da murya. Ya ja numfashi tun daga ciki. Na farko, na biyu, na uku.

Na ƙololuwa ya fito tas, a zaune, mai faɗi. Ya riƙe shi, ya riƙe shi, har ya ɗan wuce inda yaron ya rubuta, don ya tabbatar nasa ne. Rufin da ya tona masa asiri ɗazu shi ya ɗauki sautin ya kai wa kowa. Ya sauko a hankali, ya ajiye shi inda ya kamata.

Wayyo daɗi! Kafaɗunsa suka sauka, numfashin da yake riƙe da shi tun bazara ya fita. Ota ya murza takalmi a ƙasa, wanda shi ne tafin makaɗa a tsakiyar aiki, sai ga murzar takalma ta ko'ina, shuu, shuu.

Ƙararrawa kuwa ba ta yi ƙarya ba. Suna tsakiyar rabi na biyu ta faɗo musu a ka, gau, gau, gau, ba ta san wani mawallafi ba. Fada ya dafe kai. Ba wanda ya ji ƙarshen simfonin nan a Brezovec, su kansu makaɗan da ido suka gama shi, suna bin bakan Ludmila. Jama'a suka tashi suna tafi suna dariya gaba ɗaya.

A ɗakin da limamai ke sa riguna, inda makaɗan suka ajiye kayansu, Beran ya shigo yana share gumi. Ya tsaya gaban Ludmila kamar zai yi faɗa, ya fasa. Ya juyo wurin Radim.

"Pan Kovanda, gwaji ranar Talata. Akwai ƙaho da yawa a abin da za mu fara."

"Kwamiti fa, Maestro? Sun ji na farkon."

"Sun ji na biyun ma. Bar ni da su."

Ludmila tana can tana goge gogenta da ƙyalle, ta ba kowa baya. Radim ya je ya tsaya a bayanta, ya rasa ta inda zai fara.

"Pani Holubova."

"Me kuma?"

"Abin da kika yi... ban san ko in gode ba, ko in ji haushi. Ba na son a riƙe ni a kujerar nan don tausayi."

Ta juyo ta dube shi sama da ƙasa. "Tausayi? Kai Kovanda, ashe har yanzu ba ka da wayo. Ni takarda kawai na juya. Da ka sake yin kukan dinyar nan, da ni zan fara sa hannu a kawo ta Brno ɗin." Ta rufe akwatin gogen, ta danna maɓallansa. "Ba wanda ya busa maka. Bakinka ne."

Ta ɗauki akwatinta ta fita tana ɗan ɗingishi.

Radim ya bi ta da kallo har ta fice. Ya zauna a kan bencin da ke kusa, ƙahon a rungume a ƙirji, hawaye suna zuba, bai ko yi ƙoƙarin share su ba. Ota ya tsaya a kansa ya bar shi ya yi mai isarsa, sannan ya taɓa masa kafaɗa.

"To, ya isa haka, sarkin busa. Ɗaga mini, a kan kwat ɗina kake zaune. Zdenka na bakin ƙofa tana ta tambayar ko ka ci wani abu."