Motar da Ba Ta Mutuwa a Gareji

A daminar 1998, duk mai zirga-zirga tsakanin Tsafe da Gusau da Bunguɗu ya san fijon Labbo, kuma ba sanin alheri ba. Farar 504 ce mai dogon baya, ta Alhaji Yusha'u mai hatsi a Tsafe, Labbo kuwa shekara goma sha ɗaya yana jan ta. A da mota ce ta kirki. Sai ga shi da tsufanta ta tsiro da halin ban haushi: ana cikin tafiya lafiya lau, ba tari ba gargaɗi, sai ta ɗauke wuta ɗif. Wani lokacin murɗa makulli ɗaya ta tashi, wani lokacin sai fasinja sun fito sun gama tsine mata a gefen titi, sannan ta ga dama.

Wata uku ana wannan abu. Labbo ya gaji irin gajiyar da barci ba ya maganinta. Mutum ya wuni a layin mai, ya samu da ƙyar, sannan motar ta ajiye shi a tsakiyar daji da mata da kaya. A tasha, in 'yan kamasho suka zo kan lodinsa, sai ka ga kowa ya sami abin kallo a wani gefen.

Ba kuma zama ya yi ba. Bakaniken Tsafe ya ce kafireta ce, ya wanke ta sau uku. Na Gusau ya sauya fulogi, wani ya sauya kwayil. Akwai ma wani gwani da ya yayyanke wayoyin ƙarƙashin sitiyari ya naɗe su da salatif, ya ce ya kama ɓarawon. Abin da ya fi ci wa Labbo rai shi ne, ko sau ɗaya motar ba ta taɓa mutuwa a hannun mai gyara ba. Sai ya karɓo ta ya ɗauki fasinja.

Ranar Talata Alhaji Yusha'u ya kira shi.

"Labbo, ni hwa na gaji. Daga yau zuwa Juma'a, ko motag ga ta gyaru, ko in kira masu sayen ƙarhe su kwashe ta, kai ko ka koma Furfuri ka kama noma."

Labbo ya ce to. Me zai ce? Shekararsa hamsin ba biyu, gwiwarsa ta hagu kuloci ya gama da ita, ba ta iya kunya goma a gona, ga baki takwas a gida suna jiran abin da sitiyari ya kawo.

Laraba da safe ya kai ta Sabon Gari a Gusau, wurin Malam Sahabi mai gyaran waya. Dattijo ne siriri, maganarsa kaɗan, sanyin aikinsa kuwa sai mai haƙuri. Labbo ya zaro makulli guda tilo daga aljihun gaba ya miƙa masa, ya koma benci ya zauna.

Kayan aikin Malam Sahabi ba su wuce sukundireba da wani ƙwan fitila mai waya biyu ba. Da ƙwan nan ya bi wuta tun daga batir zuwa makunni, wato inda ake zura makulli, daga nan zuwa fiyus, zuwa kwayil. Duk inda ya taɓa, ƙwan ya kama. Ya warware salatif ɗin gwanin nan yana tsaki, ya sake ɗaure wayoyin yadda ya kamata. Ya tayar da motar, ya jijjiga kowace waya, ba ta ko yi atishawa ba. Bayan la'asar ya tuƙa ta da kansa har Kwatarkwashi ya dawo, yana bin ramuka da gangan.

"Lahiyatta lau," in ji shi.

"Haka kowa ka cewa, Malam," Labbo ya amsa, muryarsa kamar ta mai zazzaɓi. "Jibi za a amshe ta."

Dattijon ya daɗe yana tauna goro yana dubansa.

"Gobe ka dawo da sahe. Kai za ka tuƙa, ni in zamna."

Ranar Alhamis an kwana ana ruwa. Malam Sahabi ya maƙala wayar ƙwansa a jikin kwayil, ya zagayo da ita ta taga, ya ajiye ƙwan a cinyarsa. Suka ɗauki hanyar Bunguɗu. Ba su yi nisa ba suka tarar da inda ruwa ya cinye kwalta. Tayar gaba ta faɗa rami, ta baya ta bi ta, injin ya yi shiru. Ƙwan ma ya mutu.

"Kak ka taɓa komi!" Malam Sahabi ya ce, karo na farko da aka ji ya ɗaga murya. "Wuta ba ta kai ga kwayil ba. Can sama tad ɗauke."

Motar ta gangara gefe ta tsaya. Ya fita da ƙwansa, ya zagayo ƙofar direba, ya tsuguna a cikin laka ya leƙa ƙarƙashin sitiyari. Abin da ya gani ya sa ya daina tauna goron. Ba makullin jiya ne a jikin motar ba. Wannan yana reto da kaya: makullin ɗaki, na kwaɗon rumbu, da layu guda shida ɗinke cikin jar fata, kowace ta kai kwalin ashana, duk a zobe ɗaya. Curin ya fi dunƙulen hannu. Ya miƙa hannu, Labbo ya cafke masa wuyan hannu.

"Ba a taɓawa, Malam. Hannuna kaɗai."

Malam Sahabi bai yi musu ba. Ya sa bakin sukundireba ya ɗaga curin a hankali, ƙwan ya kama. Ya saki, ya mutu. Sau uku ya yi haka, Labbo yana kallo.

"Ina wanda kab ba ni jiya?"

"Wancan na masu gyara na. Shi nika ba kowa."

Nan ne zancen ya fito, guntu-guntu, don kunya. Layu biyu ne a jikin makullin tun da can. Ranar da motar ta fara mutuwa, mahaifiyarsa Inno, tsohuwar da ba ta barci in yana kan hanya, ta je Nahuce wurin malaminta ta karɓo masa ta uku. Sharaɗin shi ne a ɗaura ta a jikin makulli, kuma kada hannun wani ya taɓa. Da motar ta ƙara mutuwa, ta karɓo ta huɗu. Haka har shida. Shi ya sa duk garejin da ya je, sai ya zare nasa ya sa aljihu, ya ba su mara kaya.

"Makunnin ya tsuhwa, cikinai ya cinye," Malam Sahabi ya ce yana miƙewa da ƙyar. "Makulli guda yana iya riƙewa. Amma wanga nauyi, in an hwaɗa rami, sai ya ja shi ƙasa ya raba wuta. Kullum kana ƙara mai nauyi."

Labbo bai san ko dariya zai yi ko kuka ba. Wata uku! Ya kifa goshi a kan sitiyari, ya daɗe bai ɗago ba.

Suka koma Gusau aka sa wani makunnin na hannu mai ƙwari. Da Labbo zai tafi, Malam Sahabi ya dafa ƙofar motar.

"In Alhaji ya tambaya, ka ce makunni ya cinye. Ba ƙarya ka yi ba. Ka tsaya nan."

Bayan an sauko Juma'a Labbo ya sami Alhaji Yusha'u a ƙofar shagonsa a Tsafe. Tun daga Gusau motar ba ta yi ko gezau ba. Alhaji ya zagaya ta, ya saurari injin, fuskarsa ta saki.

"Madalla. To mi yac cinye makunnin? Kuma mi yas sa duk masu gyaran ga ba su gani ba?"

Labbo ya shirya amsarsa tun a hanya. Amma kwana-kwana ma tana son ƙarfi, shi kuwa ba shi da sauran ƙarfi. Ya zaro curin daga aljihu, ya faɗi komai yadda yake.

Alhaji bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Sai kawai ya buɗe tafin hannu.

"Ashe ba motar ba ta, kai na. Wata ukku ana zagina tasha-tasha. Kawo makullin, Labbo. Allah shi haɗa kowa da rabonai."

Labbo ya koma gida a motar wani, a kujerar baya, matse tsakanin buhu da wani bafillace mai gyangyaɗi. Rabonsa da zama a baya har ya manta. Direban yana ta shiga ramukan da shi Labbo ya san yadda ake kauce musu.

Rana ta yi sanyi ya isa Furfuri. Inno na zaune a tsakar gida ta miƙe ƙafafu, duk sun kumbura, laka ta bushe a kansu. Tun safe ta tafi Nahuce, rabi a bayan akori-kura, rabi a ƙasa. Tana ganinsa ta fara kwance bakin zanenta.

"Zo ka amsa. Malam ya ce wagga ta hi sauran ƙarhi. Ina motat take?"

"Ta gyaru, Inna."

"Alhamdu lillahi!" Fuskar tsohuwar ta washe har idonta ya kawo ruwa. "Ban gaya maka ba? Ai na san wahalata ba ta hwaɗuwa banza."

Labbo ya durƙusa a kan gwiwar da ba ta son durƙuso, ya miƙa hannu biyu ya karɓa.

"Na gode, Inna," ya ce.