Hanyar da Torleif Ya Zaɓa

Tun da aka yi wa Ragnhild aiki a gwiwa ba ta sake ɗaura katakan zamiya a kan dusar ƙanƙara ba sai ran Lahadin nan. Ta roƙi mijinta Torleif ya zaɓa musu hanya mai sauƙi ta cikin kurmi. Shi ya san tsaunin tun yana yaro, don haka ta bi shi ba musu.

Suna wuce tafki ya karkata hanyar hawa, inda dusar ƙanƙara ta daskare. Ta faɗi, ta ƙwala masa kira. Ya waiwayo, suka haɗa ido, ya ƙara sauri.

Da jan ƙafa ta isa bukkar matafiya, gwiwar ta yi suntum. Ta tarar da shi cikin abokansa yana kurɓar kofi, har ya cinye burodin da ta ƙunso musu.

"Ga tsohuwar tawa ta iso," in ji shi. "Ai na gaya muku yanzu ta zame mini kaya kawai."

Suka tuntsire da dariya. A babur ɗin ƙanƙara aka sauko da ita, kuma likita ya ce ita da zamiya har abada.