Ɗakin Albasa

Tun ranar da Inna ta yarda za ta bar gidan Auta ta dawo wurinsa, Akawu bai sake zama wuri ɗaya ba. Shi ne babban ɗanta, amma shekara da shekaru ƙanensa ke riƙe da ita, kuma duk taron dangi sai an sami mai tambayarsa lafiyarta da wata irin murya. Sai dai ta kafa sharaɗi: gwaji za ta yi. In zaman bai yi mata ba, jakarta ba ta da nauyi.

Gidan Akawu tsohon ginin ƙasa ne, ɗakuna sun kewaye tsakar gida, bango mai kauri, tagogi 'yan mitsi-mitsi can sama kamar ana jin kunyarsu. Ya ga wannan bai kamaci uwa ba. Ya sa aka gina mata sabon ɗaki na bulo, aka rufa kwano, aka sa tagar gilashi mai faɗin ƙofar shago tana kallon yamma. Matarsa ta ɗan yi maganar rana, ya ce ai don haka aka ƙirƙiro labule.

Inna ta iso ana tsakiyar zafi. Ta shiga, ta shafa fenti, ta sa albarka. Kashegari da la'asar Akawu ya dawo daga kasuwa, ya leƙa ɗakin, wani hucin zafi ya mare shi. Babu Inna, babu jaka. Nan take ya fara tsara abin da zai gaya wa dangi.

Matarsa na tankaɗe a inuwar bango. Ba ta ɗago ba, da haɓa kawai ta nuna masa ɗakin ajiya.

Can ya tarar da Inna a kan tabarma, tsakanin buhunan albasa da tsohon kekensa, ta miƙe ƙafa tana yanke farce. Ɗakin na kusurwar da rana ba ta samun ta sai da sassafe. Iska na shigowa daga tsakar gida ta ƙofa, ta fice ta 'yar tagar sama. Sanyin wurin ya ba shi haushi.

"Inna, nan fa ɗakin kaya ne."

"Na gani. Ka taɓa ganin albasar nan ta ruɓe?"

Ya ce a'a.

"To inda albasa ta yi watanni lafiya, tsohuwa ma za ta yi. Wancan kuwa, ka nemi mai burodi ka ba shi haya."

Ya yi magiya, ya kawo zancen bakin mutane, ya yi alkawarin fanka. Ta ce fanka a wancan ɗakin ludayi ne a tukunya, juya ta kawai za ta yi har ta nuna.

Abin da yake tsoro bai daɗe ba ya zo. Auta ya kawo ziyara, ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon buhuna.

"Yaya, a sito ka ajiye mana ita?"

Auta ya durƙusa, ya ce Inna ta tashi su koma, ɗakinta na bene na nan da na'urar sanyi, ko shimfiɗar ba a naɗe ba.

Inna ta kalli buhuna, ta kalli 'ya'yanta, ta ce wa Auta:

"A gidanka sanyi sai an kawo wuta. Nan bango ke kama shi da asuba ya riƙe mini har yamma. In ka tashi dawowa, ka taho da akwatina."

A makon Akawu ya fitar da keken, ya shafe bangon da farar ƙasa. Albasa dai Inna ta ce a bar mata, sun saba. Duk baƙon da ya zo gaisuwa, sai Akawu ya tsayar da shi a tsakar gida, ya nuna masa mashigar iska da mafitarta, ya bayyana masa yadda ya yi dogon nazari kafin ya zaɓa wa tsohuwa wannan kusurwa. In matarsa na kusa, yakan ɗan rage murya.