Firijin Fresia

Ranar Talata ce a tsakiyar watan Yuli. Ruwa ya kwana yana zuba a Talcahuano ta ƙasar Chile, gari ya waye bai ɗauke ba. Ƙarfe tara na safe Hernaldo Quilodrán da maƙwabcinsa Nibaldo suna kokawa da wani tsohon firij a bakin ƙofa.

"Ɗaga ta wajenka mana," in ji Hernaldo.

"Ai ni kaɗai nake ɗauke da shi. Fresia ta san ka sayar mini kuwa?"

"Za ta sani in ta ga sabo."

"To. In ta kashe ka, ni dai ba zan dawo da shi ba."

Hernaldo direban bas ne, shekararsa hamsin da ɗaya. Da asuba ya buga wa gareji waya ya ce bayansa ya riƙe. Matarsa Fresia kuwa tun shida ta tafi kamfanin kifin gwangwani, ba za ta dawo ba sai shida na yamma. Ya kwashe kayan firij ya jera a kan tebur: madara, man shanu, naman ƙaguwar da take cusawa a fanken sayarwa ranar Lahadi, da gwangwanin tsutsar da yake kamun kifi da ita.

Kamar kowa, duk wata ana yankar wani abu daga albashinsa a zuba a asusun fansho. Kamfanonin da ke juya kuɗin sun yi yawa, kowanne ya saki 'yan talla suna bin gida gida. Ka yarda ka kwashe asusunka ka koma wajensu, a ba ka tukuici. Hernaldo ya ƙaura sau huɗu cikin shekara biyu. Ya samu injin markaɗe, ya samu murhun ɗumama ɗaki, ya samu keke, ya samu agogon bango.

"Kuɗin nan ba zan gan su ba sai na kai sittin da biyar," haka yake gaya wa direbobi. "Gara su riƙa yawo suna aiko mini tsaraba."

Wannan karon ya ƙulla babba. Kamfanin Ancla ya yi alkawarin firij. Kamfanin Farellón ya yi alkawarin talabijin. Takardar ƙaura sai ta yi wata guda kafin ta kai babban birni Santiago a duba ta. Idan ya sa wa duka biyun hannu rana ɗaya, kafin takardun su yi karo a can, kaya sun shigo gida. Sai ya ba 'yar Ancla ƙarfe uku, ya ba 'yar Farellón, wadda a waya kawai suka yi magana, ƙarfe biyar.

Uku ta yi, ba kowa. Huɗu ta yi. Ya leƙa taga ya fi sau ashirin. Titin ya zama rafi. Sai biyar da rabi aka ƙwanƙwasa.

Marisol ce ta Ancla, jar rigarta ta jiƙe sharkaf, takalmanta a hannu.

"Don Hernaldo," in ji ta, wato Malam Hernaldo, "ka yi haƙuri. Ruwa ya ci gadar ƙasa, sai da bas ya zagaya."

"Ba komai, 'yar nan. Kawo takardar, ina zan sa?"

"Bari dai in zauna."

"A tsaye ma ina sa hannu."

Ya dangwala sunansa takardar tana jingine da bango. Yana tura ta waje da ladabi, sai ga 'yar Farellón a bakin ƙofa cikin koriyar riga, tana kakkaɓe jaka. Bayanta kuma Fresia, ta taso da wuri, da ledar burodi mai zafi a ƙirji.

Fresia ta dubi mata biyu, ta dubi mijinta, ta dubi agogon bangon da fansho ya kawo. Shida saura kwata.

"Me kuke yi a cikin ruwa? Ku shigo. Lokacin shayi ya yi."

"Sauri suke, tsohuwa," in ji Hernaldo.

"Tun da uwata ta haife ni ban ga an sallami baƙo a bakin shayin yamma ba. Kai za ka fara?"

Ba wanda ya isa ya musa wannan a unguwar nan. Mai karɓar kuɗin wuta ma in ya faɗo a wannan lokaci sai ya zauna ya ci. Suka shiga.

Fresia ta nufi kusurwar kicin don ɗauko man shanu, ta tarar da bango da wani baƙin murabba'i a ƙasa. Ta tsaya. Ta juyo ta ga naman ƙaguwarta a kan tebur. Ta ɗora buta, ta yanka fiya ta murƙushe da cokali, ta zuba gishiri, ta tsaga burodi.

'Yan tallan suka zauna suna fuskantar juna.

"Yasna, ke ce?" in ji Marisol. "Yaushe kika koma kore?"

"Wata uku. Sun fi biyan kamasho. Ke me ya kawo ki?"

"Don Hernaldo. Yanzun nan ya sa hannu."

Yasna ta ajiye kofinta a hankali. "Ni ma shi ya kawo ni."

Hernaldo ya cika baki da burodi don kada a tambaye shi.

"Don Hernaldo," in ji Marisol, "ka san abin da ke faruwa in takarda biyu suka haɗu da suna ɗaya? Sokewa ake yi duka. Sannan a zare kamashonmu. Firij ɗin nan kana tsammani kamfani ke saya? Daga aljihuna ne."

"Ai ban sa wa ta biyu hannu ba tukuna."

"Don ruwa ya hana ka."

Yasna ba ta saurare su ba. Idonta yana kan keken da ke jingine a bayan kujera, shuɗi, da kwando a gaba.

"Ni fa na san keken nan."

"Kekuna suna kama da juna, 'yar nan."

"Ni na ɗaure kwandon da waya, don ƙusar ta ɓace. Bara, ina wancan kamfanin. Ashe kai ne Quilodrán ɗin. Ka yi mini alkawarin shekara guda, ka gudu bayan wata biyu. Watan nan da bashi na biya haya."

"Kin canza gashi," in ji Hernaldo.

"Kai kuma ba ka canza komai ba."

Marisol ta zaro takardar da ya sa wa hannu, ta yaga ta biyu, ta goge fiyar da ta zuba a tebur da ita. "Mu duka wuri ɗaya muke cin abincin rana, ja da kore da ruwan ɗorawa. Gobe kowa zai ji sunanka. Ko cokali ba wanda zai sake kawo maka."

Sai a lokacin Fresia ta yi magana. "Tsoho, ina firijina?"

"Yana gidan Nibaldo."

"Yawon gaisuwa ya je?"

Ya ciro kuɗin da Nibaldo ya biya shi ya ajiye. Ta ninke su ta sa a aljihun rigar aiki ba tare da ta ƙirga ba. Ta ƙara wa baƙi shayi.

"Señora, ke a ina naki asusun yake?" Marisol ta tambayi Fresia, don dai a canza magana.

"Inda aka sa ni ranar da na fara aiki. Shekara ashirin da biyu."

"Ba ki taɓa ƙaura ba?"

"Ina zan je?"

Matan biyu suka dubi juna. Irin wadda in ta zo ba ta tafiya, ita suke nema tun safe cikin ruwa. Jakunkuna biyu suka buɗe a lokaci ɗaya.

"Talabijin, señora, mai inci ashirin," in ji Yasna.

"Talabijin ba ya riƙe ƙaguwa."

"Firij," in ji Marisol.

"Ƙofa nawa?"

"Ɗaya."

Fresia ta ci gaba da shafa fiya a burodi. Shekara ashirin tana cinikin ƙaguwa da masunta a bakin tashar jiragen ruwa, ta san lokacin da ake yin shiru.

"Biyu," in ji Marisol.

"Gobe kafin sha biyu. Kuma ki bar mini takardar, in kai wa ɗiyar ƙanwata da ke aikin banki ta karanta. In ba ta yi mini ba, ki zo ki ɗauki abinki."

"Tsohuwa," Hernaldo ya raɗa mata, "ki ce su haɗa da talabijin ɗin. Akwai yadda ake yi."

"Mun ga yadda ake yi."

Yasna ta tashi ta kama keken. Ba wanda ya hana ta. Marisol ta ari laimarsa, ta ce za ta dawo da ita, kuma kowa a ɗakin ya san ba za ta dawo ba.

Washegari sha ɗaya da rabi firij ya iso, fari, ƙofa biyu. Hernaldo da Nibaldo suka shigar da shi. Hernaldo ya ɗauko gwangwanin tsutsarsa zai sa a ƙasa can kusurwa.

"A firijina ba a sa tsutsa," in ji Fresia.

Ya fita da gwangwanin bayan gida, ya zauna a ƙarƙashin kwanon rufi, ruwa yana ɗiga. Ya lissafa da yatsu. Tsohon firij da kuɗinsa. Albashin kwana biyu, don yanzu bayan nasa ya riƙe da gaske. Keke ɗaya. Laima ɗaya. Fiya biyar, burodi goma sha biyu. Tsutsa gwangwani guda.